Turke, Igiya da Iyakar Gona: Sharhi Kan Da'irar da Ke Shafar Layuka

Cikin darussan lissafin zaɓi da ake karantawa a manyan makarantun sakandare na Ghana akwai wata tambaya da ke yawan raba kan ɗalibai. Za a ba da miƙaƙƙun layuka biyu ko uku, a ce a nemo da'irar da ta shafe su duka, a rubuta daidaitonta. Sai ɗalibai biyu masu ƙwazo su zauna, kowa ya yi aikinsa tsaf, wannan ya fito da ƙaramar da'ira, wancan ya fito da babba, kowa ya gwada tasa ya ga ta hau. Daga nan gardama ta kaure a kan wanda ya yi daidai. Sau da yawa dukansu sun yi daidai, kuma akwai wata da'ira ta uku, wani lokaci har ta huɗu, da ba wanda ya hango a cikinsu.

Maganar ta shafi Pusiga kai tsaye. Garin, wanda ya zama hedikwatar gunduma a 2012 bayan an cire shi daga Bawku, shi ne mazaunin Kwalejin Horon Malamai ta Gbewaa, wadda ke yaye malamai tun shekarun 1950. Malaman da ke fita daga irin wannan kwaleji su ne ke fara miƙa wa yaro kamfas da rula a ƙaramar sakandare, a Pusiga da Bawku da Garu, wasu kuma aiki ya kai su har Yendi da Salaga. Abin da yaro ya gane ko ya kasa ganewa a hannunsu shi zai bi shi zuwa ɗakin jarrabawar WASSCE, wadda hukumar WAEC ke shiryawa.

Ma'anar kalmomin

Wanda ya taɓa yin damina a ƙasar Bawku ya san akuya a turke. Da zarar gero ya tsiro, sai a kafa turke a ɗaure ta don kada ta shiga gonar mutane. Idan ta ja igiyar ta miƙe sarai, ta zagaya, sawun da za ta bari shi ne da'ira, wato jerin dukan wuraren da nisansu daga turke ɗaya ne. Hausa ta aro kalmar daga Larabci. Turken shi ne cibiya. Tsawon igiyar shi ne radiyos, ma'ana rabin faɗin da'ira, ana rubuta shi da harafin r.

Iyakar gonar maƙwabci, in miƙaƙƙiya ce, ita ce layi. Abu uku ne ke iya faruwa tsakanin akuya da wannan iyaka. Ko igiya ta gaza, akuya ba ta kai ba. Ko igiya ta yi tsawo, akuya ta tsallaka ta yi ɓarna. A nan da'irar ta ratsa layin a wuri biyu, inda ta shiga da inda ta fita. Ko kuwa igiya ta zo cif, bakin akuya ya kai iyakar a wuri ɗaya tak, bai wuce ba. Wannan na ukun ne littafin makaranta ke kira tanjent, kalmar da ta fito daga Latin mai nufin taɓawa. Malaman Larabci suna cewa mumas, ma'anar kuma ɗaya ce. A wannan sharhi za a riƙa cewa shafa, domin mai shafa yana bin saman abu ne bai huda shi ba.

Saura daidaito, wanda ɗalibai ke kira ikweshan. Ana shata layi biyu a takarda, layin x a kwance, layin y a tsaye, su haɗu a wani ɗigo da ake kira mafari. Daga nan kowane ɗigo ya sami adireshi mai lamba biyu: (3, 2) na nufin taku 3 zuwa dama, taku 2 zuwa sama. Lambar da ke da alamar ɗebewa a gabanta tana nufin hagu ko ƙasa. Daidaito jimla ce ta lissafi da ke tantance ɗigon da ke kan wani zane da wanda ba ya kai. Idan cibiyar da'ira tana (h, k), radiyos kuma r, daidaitonta shi ne:

(x − h)² + (y − k)² = r²

Ƙa'idar Fitagoras ce kawai aka sa mata sabuwar riga. Tazarar kwance sau kanta, a tara da tazarar tsaye sau kanta, ya ba da igiya sau kanta.

Sharaɗi ɗaya da ya riƙe komai

Mai akuya da ke son ya san iyakar igiyar da zai saki ba ya auna nisa a karkace. Yana bin hanya mafi gajarta daga turke zuwa iyaka, wadda ke faɗa wa iyakar a tsaye cak, da kusurwar digiri 90, irin wadda magini ke gwadawa da sikwaya. In wannan tazara ta yi daidai da igiya, an sami shafa. In ta fi igiya, da'ira ba ta kai ba. In ta gaza igiya, da'ira ta ratsa. Duk tambayoyin wannan babi, komai sarƙaƙiyarsu, a kan wannan magana guda suke tsaye.

Idan an rubuta layi a siffar ax + by + c = 0, tazarar cibiya (h, k) daga gare shi ita ce:

|ah + bk + c| ÷ √(a² + b²)

Abu biyu a nan suna buƙatar bayani, domin su ne ɗalibai ke haddacewa ba tare da sanin amfaninsu ba. Na farko shi ne rabawa da saiwar a² + b², wato lambar da in aka ninka ta sau kanta za ta ba da a² + b². Layin 3x + 4y − 20 = 0 da layin 6x + 8y − 40 = 0 layi ɗaya ne, an dai ninka rubutun sau biyu. In aka cusa cibiya a na biyun, lambar da za ta fito za ta ninka ta farko, alhali turke bai motsa ba, iyaka ma ba ta motsa ba. Rabawar ce ke soke wannan ninki, ta maido da tazara ta gaskiya. Na biyu su ne sandunan nan biyu da suka tsare lissafin sama. Aikinsu shi ne su zubar da alamar ɗebewa, domin nisa ba ya zama ƙasa da sifiri. Alamar da suke zubarwa kuwa tana ɗauke da labari: ita ke faɗin ko cibiya tana wannan gefen layi ko wancan.

Misali mafi sauƙi shi ne inda aka ba da cibiya. A ce tana (2, 1), layin kuma 3x + 4y − 20 = 0. Lissafin sama ya ba da 6 + 4 − 20, wato −10, sanduna suka mai da shi 10. Saiwar 9 + 16 ita ce 5. Tazara ta zama 2, ita ce radiyos, da'irar kuma (x − 2)² + (y − 1)² = 4. Amsa ɗaya ce a nan, babu wata, domin turke a kafe yake. Daga irin wannan misali ne ɗalibi ke ɗaukar zaton cewa kowace tambaya amsa ɗaya gare ta.

Layi biyu ba su isa ba

Daidaiton da'ira yana ɓoye lamba uku: h da k da r. Abin da ba a sani ba guda uku yana buƙatar sharaɗi uku. Kowane layin da aka ce da'ira ta shafa sharaɗi ɗaya ne. Saboda haka tambayar da ta ba da layi biyu ta yi shiru ba ta cika ba, domin da'irorin da ke shafar layi biyu ba su ƙirguwa. A ɗauki lungun da katanga biyu suka haɗu: ƙwallo zai zauna a ciki ya shafi duka biyun, tulu ma haka, randa ma haka, kowanne da girmansa. Abin da ya haɗa su shi ne cibiyoyinsu duka suna kan layi guda, wanda ya raba kusurwar lungun gida biyu daidai. Shi ake kira marabin kusurwa.

Dole a ƙara sharaɗi na uku. Ko a faɗi radiyos, ko a ce da'irar ta bi ta kan wani ɗigo, ko a ce cibiyarta tana kan wani layi, ko a kawo layin shafa na uku.

To amma layi biyu da suka gitta juna ba lungu ɗaya suke yi ba. Kamar mararrabar hanya ce, lungu huɗu ne, marabin kusurwa kuma biyu, suna gitta juna da digiri 90. In aka ce a nemo da'ira mai radiyos 5 da ta shafi layin x da layin y, cibiyarta na iya zama (5, 5), ko (−5, 5), ko (−5, −5), ko (5, −5). Huɗu ke nan, kuma babu wadda ta fi wata cancanta sai in tambayar ta ware lungun da take so.

In kuwa aka ce ta shafi layin x da layin y ta kuma bi ta ɗigon (2, 1), ɗigon ya riga ya zaɓi lungu, na dama ta sama. Cibiya za ta zama (r, r), sai a rubuta (2 − r)² + (1 − r)² = r². In aka warware, sai ya koma r² − 6r + 5 = 0, wanda ke ba da r = 1 ko r = 5. Ƙaramar, (x − 1)² + (y − 1)² = 1, ta lafe cikin lungu, ɗigon yana gefenta na dama. Babbar, (x − 5)² + (y − 5)² = 25, ta ja baya, ɗigon yana ɓangarenta da ke fuskantar lungun. Ɗalibi na iya jefar da ɗaya don ya ga ba ta yi kama da hoton da ke kansa ba, alhali duka biyun sun cika sharuɗɗan.

Layukan da ke tafiya a jere ba sa haɗuwa, kamar kunyoyin gona, su sun fi sauƙi. Da'irar da ta shafe su duka dole faɗinta ya zama tazarar da ke tsakaninsu. Tsakanin 3x + 4y − 10 = 0 da 3x + 4y + 20 = 0 akwai tazarar 30 ÷ 5, wato 6, don haka radiyos 3 ne ko a ina aka ajiye da'irar, cibiya kuma tana kan layin tsakiya, 3x + 4y + 5 = 0. In aka ƙara da cewa x na cibiyar 1 ne, y zai fito −2, amsa ta zama (x − 1)² + (y + 2)² = 9.

Inda amsa ke salwanta

Kuskuren da ya fi kowanne yawa ƙarami ne a ido, kuma yana da kyau a gan shi a aikace. A ɗauki layin 3x − 4y = 0 da layin 4x − 3y = 0, a ce cibiyar da'irar tana kan layin x = 5. Tazarar cibiya daga layukan biyu dole ta zo ɗaya:

|3h − 4k| ÷ 5 = |4h − 3k| ÷ 5

Ɗalibin da ke sauri sai ya share sandunan, ya rubuta 3h − 4k = 4h − 3k, ya sami k = −h. Cibiya ta fito (5, −5), radiyos 35 ÷ 5, wato 7, da'irar kuma (x − 5)² + (y + 5)² = 49. Ya gwada ya ga ta shafi layukan biyu, ya ja layi a ƙarƙashi, ya wuce.

Abin da ya manta shi ne lambobi biyu na iya zama girma ɗaya alamarsu ta saɓa, kamar 5 da −5. Akwai reshe na biyu: 3h − 4k = −(4h − 3k), wanda ke ba da 7h = 7k, wato k = h. Cibiya (5, 5), radiyos 5 ÷ 5, wato 1, da'irar kuma (x − 5)² + (y − 5)² = 1. Wannan ƙaramar tana cikin matsattsen lungun da ke tsakanin layukan, babbar tana cikin buɗaɗɗen. Kuma abin lura, ƙaramar ce yawancin mutane za su fara zanawa in aka ba su takarda, amma ita ce share sanduna ya ɓatar. Gwajin amsa ba ya kama irin wannan kuskure, domin amsar da aka samu ba ƙarya ba ce, rabin gaskiya ce. Zane ne kaɗai ke tona shi.

Layi uku, da'ira huɗu

Layi uku da suka gitta juna biyu-biyu suna yin alwatika. Kowa ya san da'irar da ke zaune a cikinta tana shafar gefe uku. Manomin albasa mai fili mai kusurwa uku da ke son rijiyar da nisanta daga kowace iyaka ɗaya ne, cibiyar wannan da'ira yake nema, kuma tana inda maraban kusurwoyin uku suka haɗu.

Sai dai gefen alwatika yana da farko da ƙarshe, layi kuwa ba shi da su, yana ci gaba har abada ta kowane ɓangare. In tambaya ta ce layuka, to akwai ƙarin da'ira uku a waje, kowacce ta jingina da gefe ɗaya daga baya, tana shafar ci gaban sauran biyun. A gwada da layin x, da layin y, da layin 3x + 4y − 12 = 0. Alwatikar da suka yi tana da gefuna 3 da 4 da 5. Tunda da'irar ta shafi layin x da layin y, cibiyarta ko dai (t, t) ce ko (t, −t). A reshe na farko, |7t − 12| = 5|t|, sai t ya fito 1 ko 6. A reshe na biyu, |−t − 12| = 5|t|, sai t ya fito 3 ko −2. Ga su nan huɗu: cibiya (1, 1) da radiyos 1, ita ce ta ciki, cibiya (−2, 2) da radiyos 2, cibiya (3, −3) da radiyos 3, cibiya (6, 6) da radiyos 6.

Akwai wani kyakkyawan gwaji a nan da ya dace kowane malami ya sani. In aka kifa radiyos na da'irorin waje aka tara, 1/2 + 1/3 + 1/6, sai a sami 1/1, wato kifaffen radiyos na ta ciki. Wannan ba dace ba ne na wannan misali, haka yake a kowace alwatika. Radiyos na ta ciki kuma shi ne faɗin filin alwatika a raba da rabin kewayenta, a nan 6 ÷ 6.

Ba kullum ne huɗun ke samuwa ba. In biyu daga cikin layukan a jere suke, na ukun ya gitta su, da'ira biyu ce. In duka ukun a jere suke, ko duka sun haɗu a ɗigo ɗaya, babu ko guda.

Asalin tambayar

Tambayar ta girmi aljabara nesa ba kusa ba. Yuklid, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis, ya rayu a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. A kashi na uku na littafinsa ya tabbatar da cewa radiyos yana faɗa wa layin shafa a tsaye, a kashi na huɗu kuma ya nuna yadda ake zana da'ira cikin alwatika da kamfas da rula kaɗai. Bayansa Afoloniyus na Perga ya faɗaɗa maganar: a ba ka abu uku, kowanne ya zama ɗigo ko layi ko da'ira, ka nemo da'irar da ta shafe su. Haɗe-haɗen sun kai iri goma, layi uku ɗaya ne daga cikinsu. Littafin nasa ya ɓata, ta bayanin Fafus na Iskandariya aka san abin da ke ciki, har masanin Faransa Viète ya sake warware mafi wuyar irin a 1600.

An fassara Yuklid zuwa Larabci a Bagadaza tun zamanin Haruna Rashid, ta hannun Hajjaj bin Matar, daga baya Sabit bin Ƙurra ya gyara wata fassarar. Abul Wafa al-Buzjani, wanda aka haifa a 940, ya rubuta littafi musamman kan abin da masu sana'ar hannu ke buƙata daga ilimin handasa, wato ilimin siffofi da awo. Abin da wani masani mai suna Descartes ya kawo a 1637 shi ne haɗa zane da aljabara, har da'ira ta zama jimlar lissafi. Fiye da shekara dubu da ɗari tara ke tsakaninsa da Yuklid. Duk tsawon wannan lokaci da ido da kamfas ake amsa tambayar, kuma mai zane da wuya ya manta cewa mararraba lungu huɗu gare ta.

Me ya kawo ruɗanin

Dalili na farko shi ne tsarin karatun ya raba abin da asalinsa ɗaya ne. A ƙaramar sakandare yaro yana koyon raba kusurwa da kamfas kafin jarrabawar BECE. Bayan shekaru sai ya haɗu da daidaiton da'ira a wani babi, da wani malami, ba wanda ya gaya masa cewa k = h ɗin da ya samu shi ne layin nan da ya taɓa shatawa da hannunsa.

Na biyu harshe ne. A kasuwar Pusiga da ta Bawku ana jin Kusasi da Bisa da Mamprusi da Mosi, Hausa kuma tana haɗa su wajen ciniki, amma darasin da Turanci ake ba da shi. Kalmar Turanci da ake sawa a tambaya tana nufin taɓawa ne kawai a maganar yau da kullum, yaro kuma yana ganin layin da ya ratsa da'ira ai ya taɓa ta. In ba a tsaya an bambanta masa shafa da ratsawa ba, ya shiga lissafin da gurguwar fahimta tun daga ƙofa.

Na uku shi ne dogaro da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Mai shirya tambaya yakan ƙara wata 'yar magana, kamar a ce cibiyar tana lungun dama ta sama, don ya rage amsoshin su koma ɗaya. Ɗalibin da ya haddace hanyar bai lura da aikin wannan 'yar magana ba, ranar da aka cire ta sai ya ba da rabin amsa.

Saɓanin masu koyarwa

Hanya biyu ce ake koyarwa, kowacce da masu kare ta. Ta farko ita ce ta tazara, wadda aka bi a sama. Ta biyu ita ce a cusa daidaiton layi cikin na da'ira, a sami daidaito mai x², a ce tunda shafa a wuri ɗaya ne, dole amsarsa ta zama ɗaya. Ana tabbatar da haka ne da lambar da ake kira diskiriminan, wato mai rarrabewa, wadda ke zama sifiri idan amsoshi biyu suka haɗe. Masu wannan hanya suna cewa ɗalibi ya riga ya san ta daga babin aljabara, kuma tana aiki a kan wasu lanƙwasassun zane, irin siffar ƙwai da siffar hanyar dutsen da aka jefa, inda maganar radiyos ba ta da wuri. Wannan hujja ce mai ƙarfi.

Hanyoyin biyu ba sa saɓa wa juna. In da'ira tana x² + y² = r², layi kuma y = mx + c, hanya ta biyu tana ƙarewa a c² = r²(1 + m²), wanda shi ne ainihin abin da ƙa'idar tazara ke bayarwa in aka ninka kowane gefe sau kansa. Bambancin yana wajen nauyin aiki. Idan da'irar ce aka sani, layi ake nema, hanya ta biyu ba ta da laifi. Idan kuwa da'irar ake nema, h da k da r duk a ɓoye, cusawa tana haifar da dogayen jimloli da kuskure ke ɓuya a ciki, kuma ba ta nuna wa ɗalibi lungun da yake. A wannan tambaya hanyar tazara ta fi, kuma ya kamata ita ce ta farko da za a koyar.

Akwai kuma saɓani kan zane. Wasu malamai na ganin ɓata lokaci ne a ɗakin jarrabawa, tunda daidaito aka tambaya. Wasu na ganin zanen minti ɗaya, ko da ba rula, shi ke gaya wa ɗalibi yawan amsoshin da zai nema kafin ya fara. Misalin layin x = 5 da ya gabata ya isa shaida ga ra'ayi na biyu. Game da harshe ma ra'ayi ya rabu: akwai masu tsoron cewa bayani da Hausa ko Kusasi zai raunana Turancin da za a rubuta jarrabawa da shi. Tsoron yana da tushe, amma malamin da ya yi minti biyar a kan turke da igiya sannan ya koma Turanci bai rage wa ɗalibi komai ba.

Abin da zai iya biyo baya

Tun da aka fara karatun sakandare kyauta a Ghana a watan Satumba na 2017, ɗalibai sun ƙaru a azuzuwa, malami kuma ba ya iya duba zanen kowa. A 2018 kwalejojin horon malamai, har da ta Gbewaa, suka koma ba da digiri na shekara huɗu, abin da ya ba da ƙarin lokacin da za a iya haɗa wa malamin gobe kamfas da aljabara a zama ɗaya. Manhajar GeoGebra, wadda kyauta ce kuma tana aiki a waya, tana zana da'irorin nan huɗu cikin ɗan lokaci. Inda babu waya, turke da igiya da filin makaranta sun wadatar, su ne ma kayan da magina ke shata ɗakin zagaye da rumbu da su a ƙauyukan yankin.

Amfanin abin bai tsaya a jarrabawa ba. Ɗaliban zanen fasaha a makarantu irin Kwalejin Fasaha ta Bawku suna da babi sukutum a kan shafa. Kafinta da ke zagaye kusurwar tebur, da mai walda da ke lanƙwasa ƙarfen ƙofa, da'ira mai shafar layi biyu suke yi. In bakan da'irar bai shafi layin daidai ba, hannu zai ji ƙulli a mahaɗar.

Inda abin ya fi nauyi shi ne hanyar mota. Kwana mai sauƙi, irin waɗanda ke kan hanyar Bolga zuwa Bawku zuwa Pulmakom, yanki ne na da'ira da ya shafi miƙaƙƙun hanyoyi biyu. Safiyo ya san kusurwar da hanya za ta juya, injiniya ya zaɓi radiyos, sai a lissafa inda kwanar za ta fara. In hanya za ta juya digiri 60, radiyos kuma mita 100 ne, kwanar tana farawa kimanin mita 57.7 kafin mahaɗar layukan, ta ƙare mita 57.7 bayanta, tsawon bakan kuma kimanin mita 104.7. A nan ma lissafi yana ba da da'ira huɗu masu radiyos 100, injiniya ne ke zaɓar wadda ke lungun da mota za ta bi. A manyan hanyoyi akan sa wani ɗan lanƙwasa tsakanin miƙaƙƙen da bakan, don direba ya juya sitiyari a hankali. Zaɓen radiyos kuwa gudu ne ke yanke shi, domin ƙarfin da ke tura mota waje yana ƙaruwa da gudu sau gudu, yana raguwa da girman radiyos. In gudu ya ninka biyu, sai radiyos ya ninka huɗu kafin direba ya ji daidai. A hawan dutsen Nakpanduri, kan hanyar da ta taso daga Yendi ta bi Gushegu zuwa Bawku, dutse bai bar filin babban radiyos ba, shi ya sa manyan motocin kaya ke sauka da ƙaramin giya.